Taɓaryar da Aka Aiko daga Dungu

Lugude ake yi a gidan maƙwabtanmu ranar da aka kawo ta. Mata uku ne a kan turmi ɗaya, kowacce tana sauke taɓaryarta a gurbin da 'yar'uwarta ta ɗaga, suna tafi a tsakani, har ƙasar tsakar gidanmu tana amsawa a ƙarƙashin ƙafata. Lokacin kaka ne, an fara yankan gero. Wani yana gasa tumu a bayan danga, ƙamshin yana shigowa yana fita kamar baƙon da ya saba da gida. Ina zaune a inuwar rumbu da allo a cinyata, tun hantsi ban rubuta ko harafi ba, hankalina yana ƙofar zaure.

Sai na ji takun jaki, na ji gyaran muryar maigidana.

Ya shigo da ita a kafaɗa, yarinya 'yar siririya mai manyan idanu, ba ta wuce shekara huɗu ba. 'Yar wansa ce. Wan nasa manomi ne a Dungu. Shekarar da Nasara suka aiko a tara musu 'yan dako aka haɗa da shi, suka ɗora musu kaya suka yi gabas da su. Waɗanda suka dawo suka ce zazzaɓi ya kwantar da shi a hanya, a can aka rufe shi. Matarsa ta gama takaba, ta zauna iya zamanta, da aure ya fito mata sai dangi suka ce yarinya ta dawo gidan ubanta a Matameye. Ni kuwa na daɗe a ɗaki, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Baffan maigidana, wanda shi ne babba a zuri'ar, ya ce a ba ni riƙonta.

Kurma ce, ba ta ji, ba ta magana. Ko haka aka haife ta, ko ciwon da ta yi tana jaririya ne ya tafi da jin, babu wanda ya tabbatar.

Kayanta ba yawa: ƙunshin tsummoki, 'yar ƙwarya, da laya a wuya. Sai wata tsohuwar taɓarya ta kirya, baƙa wuluk, tsakiyarta ta yi sulɓi saboda hannu, samanta da tsaga an ɗaure da ƙiri. Maigidana na jingine ta a bango, yarinyar ta zame daga jikinsa ta je ta rungume ta.

Inna, uwar maigidana, ta fito daga ɗakinta tana gyara ɗaurin kallabi. Ta dubi jikarta, idonta ya kawo ruwa, ta share. Sa'an nan ta dubi taɓaryar.

"Wannan fa?"

"Wata tsohuwa ce ta miƙo mini da za mu taso," in ji shi. "Ta ce uwar ta ce a haɗa da kayan."

"Ita uwar ba ta fito ba?"

"Ba ta fito ba."

"Ba ta ce komai ba?"

"Me za ta ce, Inna? 'Yar fari ce."

Inna ta gyaɗa kai. Wannan ya yi mata daidai. Mace mai kunya ba ta kiran sunan 'yarta ta fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta zancenta, ko da kuwa ranar rabuwa ce. Amma taɓaryar ta tsaya mata a rai.

"To, kunya dai ta yi, Allah ya yi mata albarka. Amma wa ya gaya mata ba mu da taɓarya a gidan nan? Tun kafin a haife ta nake daka. Ko so take ta ce kada mu bar mata 'ya da yunwa?"

Ta ɓamɓare hannun yarinyar a hankali, ta ce abu mai nauyi haka zai faɗo mata a ƙafa, ta sa ɗanta ya cusa taɓaryar a ƙarƙashin jinkar rumbu, can sama inda hannu ba ya kai. Yarinyar ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta tsaya ta ɗaga kai tana kallon wurin har wuyanta ya gaji.

Kwanakin farko kamar a mafarki na yi su. Ina bin ta da ido duk inda ta yi, ina koyon ta kamar sabon littafi. Komai sai ta sansana kafin ta taɓa: ludayi, bakin zanena, ƙyauren ɗaki. In zakara ya yi cara, maƙogwaronsa take kallo. In jaki ya yi kuka kowa ya yi tsaki, ita sai ta matsa kusa ta zuba wa haƙarƙarinsa ido yana shiga yana fita. Iska in ta kaɗa ganyen tsamiyar gidanmu, inuwar ta yi ta rawa a ƙasa, tana iya zama tun hantsi har azahar tana kama ɗigon hasken da tafin hannu, tana buɗewa ta ga babu.

Na yi ta mantuwa ina kiranta ta baya. In na dafa kafaɗarta ba ta gan ni ba, sai ta zabura kamar an watsa mata ruwan randa. Daga baya na koyi aika inuwata ta riga ni. Da safe inuwar doguwa ce, tana isa gabanta ina nesa, sai ta waiwayo. Da rana tsaka kuwa, da inuwa ke maƙalewa a ƙafa, sai in kewayo ta gaba in tsuguna.

Maigidana masaƙi ne, a gindin wata bishiya a ƙofar gida yake aikinsa. Ya riƙa shigo mata da guntayen zare, fari da shuɗi, yana jera mata a tabarma. Inna kuma ta sami abokiyar hira.

"Ƙawata, zo nan," takan ce, tana yafuto ta da hannu. "Ke kaɗai ce a gidan nan ba ki taɓa cewa na cika surutu ba. Waccan 'yar malam ɗin, baki ba ya faɗa, amma ina gani a idonta."

'Yar malam take kirana, don mahaifina malami ne, a gabansa na sauke, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa na littattafai da waƙoƙin ajami. Tun ina budurwa nake tara waƙoƙi a kaina, waɗanda na koya da waɗanda na ƙaga, ina cewa wata rana zan zuba su a kunnen ɗana. Yanzu ga 'ya Allah ya ba ni, ga waƙoƙi cike da ciki, amma ba ƙofar da za su bi su shiga. Nakan zauna kusa da ita bayan la'asar ina kallon kunnenta, ɗan ƙarami mai kyau kamar ganyen da bai gama buɗewa ba, ina mamakin irin shirun da ke ciki. Ko kamar na ƙasan rijiya ne, ko kamar na dawa bayan an ɗauke ruwa.

Abinci kaɗan take ci, loma biyu ta ture. Muka ce baƙunta ce, za ta ware.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne daka. Duk safiya, da na zuba gero a turmi na sauke taɓarya, ko tana cikin ɗaki ne, sai ga ta a guje. Takan manna kumatunta a jikin turmin, ta ɗago ta dubi fuskata, ta kewaya bayana ta kama zanena tana ja, sa'an nan ta saki wani irin kuka, marar kalma, mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. In na ajiye taɓaryar na ɗauke ta, kukan ya ƙaru. In na ci gaba, ta kutso kai tsakanina da turmin. Wata safiya saura kaɗan in sauke mata taɓarya a yatsu.

Inna ta daɗe tana kallo kafin ta yanke magana.

"'Yar malam, turmi ba abin wasa ba ne. Ba ki ga ba a barin yaro ya zauna a kansa ba? Irin waɗannan bayin Allah, in an rufe musu ƙofa ɗaya ana buɗe musu wata. Tana ganin wani abu a wajen turmin nan da mu ba mu gani. In ba haka ba, wa ya gaya mata an fara daka tana cikin ɗaki?"

"Inna, ko a sauko mata da taɓaryar uwarta?" in ji maigidana. "Na ga tana yawan kallon rumbun."

"A sauko mata da ita ta rotse kanta? Kai dai koma wajen zarenka."

Aka kife turminmu a bayan ɗaki. Na ɗauki taɓaryata na kai gidan maƙwabta na can ƙarshen lungu, kullum in tafi da ƙwaryar gero in dako in dawo, Inna tana tsaron yarinyar. Gidanmu ya yi tsit. Ban taɓa sanin daka ce ke riƙe da safiyar gida ba sai da aka ɗauke ta. Kaji ma sai suka riƙa yawo kamar sun ɓata hanya, suna neman tsakin da babu.

Kukan ya tsaya, Inna ta ce kin gani. Amma cin abincin ma sai ya tsaya. Ta daina bin hasken tsamiya. Takan je inda turmin yake a da, wurin da gindinsa ya bar zagaye a ƙasa, ta zauna ta shimfiɗa tafin hannunta a tsakiyar zagayen, ta yi shiru kamar mai jiran a amsa mata sallama. Na dama kunu da tsamiya, ta kau da kai. Na dama fura da nono mai kyau, ta sansana ta ture. Sai ruwa, sai ɗan abin da Inna ta ɗura mata da ƙyar. Na ɗauko allona na yi rubutu da hannuna, na wanke a 'yar ƙwaryarta, na ba ta. Ta kurɓa, ta dube ni, ta bar shi ya zubo ta gefen baki. Wuyanta ya fara tsawo, layar ta riƙa lilo a ƙirjinta.

Bayan dangarmu hanya ce, wadda mutanen ƙauyukan wajen Dungu ke bi ranar kasuwa. Wata ranar kasuwar na ga ta tashi daga wurin zamanta, ta je kusurwar danga ta cusa hancinta tsakanin karare, ta daɗe a haka. Na leƙa ta sama. Ban ga komai ba sai matan ƙauye suna wucewa da ƙorai a ka, da wata a bayansu tana gyara lulluɓi. Na ɗauka ƙamshin daddawarsu ne ya ja ta.

Ranar ce kuma, da yamma, yayar maigidana ta biyo daga kasuwa. A Dawce take aure. Tun farko ita ta nemi a ba ta yarinyar, Baffa ya hana. Mace ce mai jiki da murya, tun daga zaure ake sanin ta iso.

"Ina Malama? Fito mini da riƙon naki in gani."

Na fito da ita a hannu. Ta karɓe ta, ta ɗaga, ta juya ta, ta saki salati.

"Inna! Wannan ai ƙashi ne da fata. Da tawada kuke ciyar da ita?"

"Baƙunta ce," in ji Inna, amma muryarta ba ƙarfi.

"Baƙunta har yaushe? Malama, ba don in ɓata miki ba, karatu kin iya, kowa ya shaida. Amma yaro ba a allo ake koyon sa ba. Gidana cike yake da yara. In ta ga ana wawason tuwo, ko ba ta so sai ta sa hannu. Wannan gida naku shiru kamar an yi rasuwa, ko ni aka ajiye a nan sai na rame."

"Ke ki rame?" in ji Inna. "Ranar sai a yi shela."

Suka yi dariya, amma Yaya ba ta saki zancen ba. 'Yar ƙaninta ce, marainiya, ba za ta zuba ido ta mutu a gabanta ba. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta fi zafi. A ƙarshe Inna ta sauke numfashi ta ce, "Kasuwa mai zuwa, in ba ta ci ba, ki zo da majanyinki. Ni zan yi wa Baffansu bayani."

Na sunkuyar da kai na ce, "To, Yaya."

Makon nan sarki ya aiko a fitar da mutum daga kowane gida don gyaran hanyar Damagaram, wadda Nasara ke so a share. Maigidana ya naɗe saƙarsa ya tafi. Da zai fita ya tsuguna a gaban yarinyar, ya ɗaura mata shuɗin zare a hannu, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "In na dawo na tarar an tafi da ita, kada ki sa wa ranki. Allah ne ya kawo ta." Na ce to. Amma na riga na saba da nauyinta a cinyata, da ƙamshin kanta, wanda yake kamar na ƙasar da aka yayyafa wa ruwa.

Kwanakin suka wuce kamar ruwa a rariya. Ranar kasuwa ta zagayo.

Inna ta shirya tun da hantsi, ta ce za ta haɗu da 'yarta a kasuwa su dawo tare. Ba ta dube ni ba ita ma. Na ce a raina, ko ba komai in yi wa yarinyar gumba ta sabon gero ta tafi da ita, kada a ce ta bar hannuna ba guzuri. Na ɗauki ƙwarya na leƙa lungu, sai na hango ƙyauren maƙwabta a rufe, duk sun tafi kasuwa, taɓaryata tana ciki.

Na dawo na tsaya a tsakar gida. Ba kowa sai ni da ita da kaji. Rana ta yi fari, iska ta kwanta, daga nesa hayaniyar kasuwa tana tasowa kamar ta ƙudan zuma. Na je bayan ɗaki na mirgino turminmu, na tayar da shi a kan zagayensa. Na taka gindin rumbu, na miƙa hannu ƙarƙashin jinka na zaro taɓaryar Dungu, duk yanar gizo.

Yarinyar ta miƙe tsaye. Ta taho tana tangaɗi don rashin ƙarfi, ta dafa taɓaryar, ta sansana tsakiyarta inda ta yi sulɓi. Sa'an nan ta kewaya bayana ta kama zanena, kamar yadda ta saba.

Tsoron yatsunta ne ya sa na yi abin da na yi. Ba wanda zai riƙe mini ita, ni kuma ba zan sauke wannan icce mai nauyi tana kai-kawo a gindin turmi ba. Na ɗauko tsohon majanyin Inna, na sunkuya. Kafin in juya in ɗauke ta, ta riga ta haye, ta ware ƙafafu, ta kwantar da kai, kamar wadda ta san wurin tun da daɗewa. Ban taɓa goyo ba sai na ƙannena ina yarinya. Na ɗaure, ƙafafunta suna reto har kusa da gwiwata.

Na yi bisimilla na ɗaga taɓaryar.

Tana da wata murya tata. In ta sauka, bayan dum ɗin da kowace taɓarya ke yi, sai tsagar samanta ta amsa da ɗan ƙas, kamar mutum biyu ne ke daka, babba da ƙarami. Dum, ƙas. Dum, ƙas. Bugun ya bi hannuna ya hau kafaɗa ya gangara bayana, na ji ya shiga ƙirjin yarinyar. Jikinta da yake a ɗaure tun ranar da ta zo ya fara saki, gaɓa bayan gaɓa. Ta juya kai ta manna kumatunta tsakanin kafaɗuna. Numfashinta ya daidaita da saukar taɓaryar.

Ban san lokacin da na fara waƙa ba. Ba daga cikin waɗanda na tara ba ce, nan take ta zo, 'yar gajeriya:

Geron bana, sauko, sauko,
akwai baƙuwa a ɗakina,
ba ta tambaya, ba ta roƙo,
sauko ka gaishe ta.

Sai na ji ɗan hannu ya zaro daga cikin majanyi, ya bi wuyana yana lalube, ya tsaya a maƙogwarona. Na tsayar da waƙar don mamaki. Yatsun suka ɗan matsa, suka sake matsawa. Na ci gaba da waƙar, suka kwanta. Can sai ga wata 'yar murya a bayana, mmm, mmm, ba kalma, ba kuka, tana tashi tana sauka tare da taɓarya. Hawaye suka riƙa zubo mini cikin turmi, ban tsaya sharewa ba, ina tsoron in na tsaya komai zai watse kamar mafarkin asuba.

Na surfa, na bakace tana bayana, na wanke, na mayar na daka har ya yi laushi. Ƙamshin sabon gero ya cika gidan, kaji suka dawo hayyacinsu suka kewaye ni. Da na yayyafa ruwa gumbar ta haɗu, hannun nan ya bar wuyana ya miƙo ta saman kafaɗata, a buɗe. Na gutsuro na mulmula na sa mata. Hannun ya koma. Na ji motsin muƙamuƙinta a bayana. Ya sake miƙowa.

A haka Inna da Yaya suka shigo suka same mu. Yaya da majanyinta a kafaɗa.

"Lallai! Malama, wannan gandamemiyar kika goya? Ƙafarta na jan ƙasa! Gobe sai ki goya Inna."

Inna ta tsaya a bakin zaure, ƙwaryar kasuwa a kanta ba ta sauke ba, tana kallon hannun yana zuwa yana komawa. Ta dubi turmin, ta dubi taɓaryar da ke hannuna. Na jira faɗa.

"Sake bugawa in gani," in ji ta.

Na buga. Yarinyar ta amsa da 'yar muryarta, bakinta cike.

Inna ta sauke ƙwaryar a hankali. "Ashe saƙo aka aiko mana," ta ce, "muka rataye shi a rumbu."

Yaya ta matso ta leƙa fuskar yarinyar, ta lakace gumbar da ta maƙale mata a haɓa, ta sa a bakinta. "Ba zuma ma. Wannan ce ta fi tuwon gidana?" Ta ja majanyin daga kafaɗarta, ta dube shi, ta dube ni. "Loma nawa ta ci?"

"Ban ƙirga ba, Yaya."

"Ku ji mini, mai karatu ba ta ƙirga ba." Ta jefa mini majanyin a kan turmi. "Riƙe wannan, ya fi na Inna ƙwari, wancan tun na goyon mijinki ne. Zan dawo kasuwa mai zuwa. In na ga wuyan nan bai cike ba, da ke da ita zan haɗa in goya har Dawce."

Ta dawo kasuwa mai zuwa, da wadda ta biyo, ba ta sake zancen ɗauka ba. Majanyin ma ba ta karɓa ba.

Maigidana ya dawo daga aikin hanya da kaushi a hannu, ya ji daka tun daga lungu. Ya ce ya tsaya a zaure ya daɗe bai shigo ba, yana sauraron dum da ƙas, bai san ta wace ce ba. Daga ranar safiyarmu ta koma a kan turmi. Inna ta aika aka karɓo taɓaryata, takan tsaya a ɗaya gefen mu yi lugude, tana haki tana cewa jikarta ta mayar da ita aikin da ta yi murabus. Maƙwabta suna leƙowa ta danga su ga goyon da ya isa aike, su yi dariya su tafi. Bayan la'asar kuma, in na ɗauko littafi, yarinyar takan hau cinyata ta ɗora yatsu a maƙogwarona, in yi ta karantawa. Waƙoƙin da na tara duk na zuba mata su ta nan, ɗaya bayan ɗaya. Ban san me ke isa gare ta ba. Na dai san akwai waɗanda take so a maimaita, don takan matsa yatsu in na kai ƙarshe, akwai kuma wata doguwa ta wa'azi da takan sa ta hamma.

Kafin a rufe bakin rumbu ta koma bin hasken tsamiya. Wata safiya na ga inuwa 'yar ƙarama ta tsallako gabana ina wanke-wanke, ta tsaya. Na waiwaya. Ita ce a bayana, ta aiko inuwarta ta riga ta, tana jira in juyo.

Uwarta ban taɓa zama da ita ba. Ba ta zo ba, ba ta aiko ba, mu ma ba mu ga laifinta ba. Sai bayan shekaru masu yawa, yarinyar ta zama budurwa har ita ke yi mana daka, labarin rasuwar uwar ya iso. Bayan an share makoki ƙanwar uwar ta zo Matameye ta kawo wa yarinyar 'yan kayan da aka bar mata. Tana zaune muna gaisawa sai ta hango taɓaryar a jingine, ta ce, "Har yanzu tana nan?"

Ita ta gaya mini. Ta ce a gidan surukai, 'yar'uwarta ba ta da halin ɗaukar 'yar fari ta yi mata wasa. Lokacin daka ne kaɗai take goya ta a bayan rumbu, don mai daka in ta goya 'ya ba wanda zai ce so ne, aiki ne. A nan take yi mata waƙa, a nan take ba ta abinci ta saman kafaɗa. Da aka zo ɗaukar yarinyar ta rasa bakin da za ta faɗi wannan, sai ta ba da taɓaryar.

Ta ce tun daga makon da aka kawo mana yarinyar, duk ranar kasuwa sai uwar ta taso daga Dungu da ƙafa, da 'yar ƙwaryar kukar miya a ka don a ce talla ta zo. Takan tsaya a bayan dangarmu ta kasa kunne, ta ji gidan shiru, ta wuce. Ranar da ta ji tsagar taɓaryarta tana amsawa, ta ji waƙa, ta ji 'yar muryar a ƙarƙashin waƙar, sai ta tsuguna a gefen hanya kamar mai cire ƙaya, har aka gama dakan. Daga nan ta juya ta koma Dungu da kukarta, ko kasuwar ba ta shiga ba, kuma ba ta sake biyowa ta hanyar ba.